Baƙon da Muka Ajiye a Duhu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke cikin duhu kamar yadda ya san na sarari. Sunana Asabe. A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, a nan aka binne mini 'ya'ya biyu da miji. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka Rukayya, jikar ƙanwata, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Ita ce ma ta jawo maganar. Ta sami aikin hutu a wani ɗakin gwaje-gwaje, ta dawo tana gaya wa ƙawayenta wai ai wanke-wanke ne kawai da farar riga. Ni na yi wannan wanke-wanken har furfura ta cika mini kai, kuma saboda shi aka kusa hana mijina wanka da salla ranar da ya rasu. To ki rubuta, ki kai musu su karanta.

Kwalbar farko da na wanke, Mama Agnes ta karɓa ta ɗaga ta wajen taga, ta juya ta, ta miƙo mini abata. Mutuniyar Langtang ce, Kirista, Hausarta irin ta bariki, kuma ita ce babba a kan wanki a ɗakin binciken da ke wata jami'a a nan Legas, inda Malam mijina ya riga ni fara aiki. Ta ce in zuba ruwa in karkata kwalbar in duba. Idan ruwan ya sauka shimfiɗe kamar mayafi, gilashi ya fita. Idan ya tsaya ɗigo-ɗigo, akwai maiƙo ko sabulu, ko da ido bai gani ba. Nawa ya tsaya ɗigo-ɗigo. Na yi makonni ina wanke abin da ni a ganina tas yake. A wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan famfo har hannu ya gaji, a sake ɗaurayewa da tataccen ruwa, a rufe baki da takardar nan mai ƙyalli, a gasa a tanda. Ba a taɓa bakin kwalba da hannu tsirara, ba a magana a kanta tana buɗe. Mama Agnes ta ce gumin yatsa da tururin baki suna cinye abin da za a zuba ciki. Na ce mata ni da alwala nake zuwa. Ta ce, "Alwalarki tsakaninki da Allah ne, Asabe. Sa safar hannu."

Kwaɗi su ne rabin aikina. Ba irin na kwatami ba ne masu tsalle da kwarmato. Waɗannan ba sa barin ruwa, ba su da harshe, ban taɓa ganin ɗaya ya ƙyafta ido ba. Sai ki ga kwaɗo ya tsaya a tsakiyar ruwa, hannuwa a buɗe, idanu a saman kai suna kallon rufin ɗaki, ya yi rabin yini bai motsa ba. Kukansu ma daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga farce a gindin kwano. Hanta muke ba su, ni nake sayowa a kwata kafin mu hau danfo, in yayyanka ƙanana. Ruwan famfo kuwa sai ya kwana a buɗe kafin a zuba musu, don maganin da ake sa masa yana ƙona musu fata. Wanda ya yi gaggawa sau ɗaya ba ya sakewa, domin da safe zai tarar da su sun yi fari sun kife.

Ba na manta ranar da na fara ɗinke kwaɗo. Shugabar ɗakin binciken, Dokta Folake, ƙwan da ke cikin macen take so. Sai a sa kwaɗon a ruwan da ke sa shi barci, a kwantar da shi rigingine a kan jiƙaƙƙen tsumma, ta tsaga gefen ciki kaɗan, ta jawo curin ƙwai da hantsaki. Saura a mayar da ciki yadda yake. Dokta ta fi ni iya wannan, amma ƙwan ba ya jira, dole ta tafi da shi nan take. Malam ne ya gaya mata matarsa tana ɗinkin hula. Ta ba ni lanƙwasasshiyar allura da baƙin zare, ta tsaya a kaina. Ɗinki biyu ake yi, na naman ciki daban, na fata daban. In kika haɗa su wuri ɗaya, ruwa ya shiga, ciki ya ruɓe. Fatar santsi gare ta, tana gudun allura. Bayan an gama sai ki zauna ki tallafe masa kai a saman ruwa har ya farka, don kwaɗon da bai farka ba nutsewa yake yi ya mutu, a cikin ruwan da aka haife shi. Na sha zama da kwaɗo a tafin hannuna kamar mai jinya, ina jin zuciyarsa tana bugawa a yatsana.

Abin da ake yi da ƙwan, Malam ne ya fahimtar da ni, a gida, da carbinsa. Ya ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane ɗaki da tantanin da ya kewaye shi, a jikin tantanin kuma akwai ƙofofi, suna buɗewa gishiri da ruwa su wuce, suna rufewa. Ƙofar an yi ta da abin da suke ce wa furotin, shi kuwa kamar carbi yake, duwatsu iri ashirin aka jera aka naɗe. Dokta so take ta san wane dutse ke jingina da wane in ƙofa ta buɗe, wane kuma in ta rufe. Ba madubin da ke nuna wannan. Don haka sai su cire dutse ɗaya su sa wani wanda ba ya cikin ashirin ɗin, ɗan Adam ne ya haɗa shi a kwalba. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakinmu, sai Malam ya sa masa Baƙo, har Dokta ta ɗauka. Muddin ana duhu, Baƙo yana zaune shiru cikin jeri kamar kowa. Da an haska masa wata fitila, ko rana ta same shi, sai ya damƙe duk wanda ke kusa da shi, kuma ba ya saki. Daga nan sai a duba wa ya kama. Amma sau ɗaya yake kamu a rayuwarsa. In haske ya riske shi tun yana cikin kwalba, ruwa zai kama, ya tashi a banza, kuma ba abin da zai nuna miki. Kalarsa ɗaya, ƙamshinsa ɗaya.

Aikin Malam shi ne jan allurar gilashi. Yana da na'urar da ke gasa siririn bututu ta ja shi har bakinsa ya fi gashi siranta, shi kuma ya karya tsinin daidai yadda ake so. Da ita ake huda ƙwan kwaɗo, a zuba masa Baƙo tare da saƙon da ke gaya masa yadda ake gina ƙofar. A ajiye shi a sanyi 'yan kwanaki, sai ƙwan ya gina ƙofar mutum a jikin nasa tantanin. Sau ɗaya Dokta ta kira ni in gani. Ƙwai ɗaya ne a ɗan faranti, allura biyu a jikinsa, wani layi yana rawa a allon kwamfuta, ta ce motsin ƙofar ke nan. Ta danna fitila. Ban ji komai ba, ban ga ƙwan ya motsa ba, sai layin ya miƙe ya tsaya cak. Ita tana murna, ni tsigar jikina ce ta tashi. Na koma wajen kwalabena ina karanta abin da na iya.

Ƙofar da take bi tana jikin ƙwayar jini ne, tana da hannu a ciwon sikila. Sadiya da Umaru, 'ya'yanmu, shi ya ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kai shekarar shiga sakandare. Har yau in na ji yaro yana kuka da ƙashi sai in fita daga gidan. Dokta ba ta taɓa ruɗin Malam ba. Ta gaya masa wannan ba magani ba ne, neman ganin ƙofar ne kawai, maganin in zai zo wataƙila sai bayan dukkanmu. Ya ce ya ji. Amma daga ranar ban sake ganin ya makara ba.

Ɗakin duhu shi ne inda ake buɗe Baƙo. Labule baƙi biyu ne a ƙofar, ki shiga na farko ki saki kafin ki ɗaga na biyu. Ciki jan ƙwan lantarki ɗaya ne, don jan haske ba ya tashinsa. Aikina a can in fasa ƙanƙara, in jera 'yan kwalaben roba da ba su kai ɗan yatsa ba, in naɗe kowace da takarda mai ƙyalli, in miƙa abin da aka nema ba tare da an faɗa sau biyu ba. Komai da mazauninsa, hannu ke haddacewa. Ɗalibai su ne masu cinikinmu, kuma su ne masifarmu, don kowa da waya a aljihu, in ta yi ƙara sai ta haska. Mama Agnes takan tsaya a bakin labule da roba tana karɓa kamar mai tara baiko a coci. Wanda ya ce tasa a kashe take, sai ta ce to ta kwana a robar ma ba za ta ji komai ba. In aikinsu ya ƙi, ƙwaina suke zargi. In ya yi, su sayo mana burodin Agege, mu da muka baro shi a ƙofar gida.

Shekarar wahala ta zo ne bayan Mama Agnes ta yi ritaya ta koma garinsu. Aka rufe makarantar wata da watanni, ɗalibai suka watse, aka yanke wutar ginin, babban janareta ya lalace ba mai sa hannu a gyara. Dokta ta sami kira zuwa ƙasar waje na ɗan lokaci, inda za ta yi aiki da na'urorin wasu. Ana gobe za ta tafi muka tarar babban firiza ya fara zubar da ruwa. Duk Baƙon da ya rage mata a duniya yana ciki, a wani akwati kamar kwalin sukari. Ba na sayarwa ba ne a kanti, wata ƙawarta ce ta haɗa mata da hannu a can waje, ita ma ta bar wannan aikin. In ya lalace, aikin shekaru ya tsaya. Malam ya ce a kawo gidanmu. Ina da firizan da nake sa zoɓo da kunun aya na sayarwa, muna da ƙaramin janareta, ga masu ƙanƙara a kwata. Dokta ta ɗauko akwatin da kanta ta sa a kula. Kwaɗin kuma muka zuba su a baho biyu.

Gidan Iya Risi muke haya, Bayarabiya ce Musulma, mun fi shekara ashirin tare, ita ta riƙe ni ranar da Sadiya ta rasu. Ɗakuna ne suna kallon juna, siririyar hanya a tsakiya, bango kuwa in maƙwabci ya yi tari sai ki ce masa sannu. Malam ya kafa baƙin ƙyalle a taga da ƙusa, ya cire farin ƙwai ya sa ja. Na ce masa ai a naɗe suke, naɗin ya isa. Ya ce duk sanda aka ɗauke wuta sai ya buɗe, ya mayar da akwatin cikin kula, ya duba ko naɗi ya warware, ko wani ya narke, kuma bai taɓa ganin Dokta ta buɗe shi a farin haske ba. Wuta kuwa a unguwarmu ba ta da lokacin tafiya. Sai ya zama ɗayanmu kullum yana ɗaki.

Mu ba mu ji kanmu ba, maƙwabta ne suka ji mu. Shekaru muna faɗin kalmar a wurin aiki har ta zama kamar gishiri a bakinmu. Malam zai dawo daga masallaci ya ce, kin duba Baƙo? In ce yana nan, bai motsa ba. Ya ce ki rufe ƙofa da sauri kada haske ya taɓa shi. Ga jan layi a ƙarƙashin ƙofarmu ko da rana tsaka. Ga ƙas-ƙas daga ɗakin da ba a ga kowa ya shiga ba. Ga hanta ina sayowa kullum, ba a taɓa jin ƙamshin suyarta ba. Matan gidan suka fara tambayata wane baƙo ne wannan da ba ya fitowa ko bayi. Na yi dariya na ce kayan aikin oga ne. Ba su yi dariyar ba.

Sai ranar da nake canja wa kwaɗin ruwa a bayan gida. Ɗaya ya zame daga hannuna ya faɗi rigingine a gaban Iya Risi tana wanke shinkafa. Farin ciki, da baƙin ɗinki a gefe, nawa na hannuna, ƙulli a jere. Ya kwanta yana buɗe hannuwa. Kowa a garin nan, Bahaushe da Bayarabe, ya san abin da ake nufi da kwaɗon da aka ɗinke wa ciki. Iya Risi ta miƙe. Ta tattare zaninta, ta ja da baya, ta bar shinkafar a wurin. Kafin magariba ba yaron da ya zo sayen zoɓo, kuma ba a sake zuwa ba.

Malam ya je ya yi bayani a ƙofar masallaci, da carbinsa, kamar yadda ya yi mini. Gara da bai je ba. Da ya kai inda ƙwan kwaɗo ke gina ƙofar mutum, wani mahauci ya tambaye shi, wane mutum? Ya ce ba wani mutum takamaimai ba. Aka ce to jinin wa aka ɗiba? Ya dawo ya zauna bakin katifa ya ce mini a bar su, Dokta ta kusa dawowa, ranar da mota ta zo ta kwashe kayan kowa zai ji kunya. A sahu mutane suka riƙa barin tazara tsakaninsu da shi.

Ciwon ya fara masa kamar zazzaɓi. Kasala, ƙin abinci, ciwon ciki ta gefen dama. Na sayo masa magani a kemis. Na ce mu je asibiti, ya ce in muka tafi wa zai zauna da Baƙo, ga ƙanƙara ta yi tsada, ga janareta yana tari. Ya ce gobe. Da ƙafa ta gaza sai ya daina fita ko alwala, ni nake kawo masa ruwa da fo. Makonni yana kwance tsakanin firiza da bahon kwaɗi, a jan hasken nan, ina shafa masa ruwa, ina ba shi koko da cokali. A unguwarmu in mutum ya yi kwana biyu bai fito salla ba, ɗakinsa cika yake da 'yan dubiya. Ba wanda ya ɗaga labulenmu. In wuta ta tafi, ko cikin magagi yake, sai ya ɗaga yatsa ya nuna firiza.

Da hantsi ya cika, ranar wata Talata, kansa a cinyata. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa, na fito tsakar gida na faɗa. Mata suka yi salati daga ƙofofinsu, ba wadda ta matso. Aka kira Liman. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya raɗa wa 'ya'yanmu suna. Ya zo da mutane, suka tsaya a bakin hanya, ya aiko a kira ni. Na durƙusa daga gefe.

Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Asabe, ni na san Malam a sahun gaba tun kafin a haifi rabin mutanen nan. Amma mai wanka ya ce ba zai shiga ba, kuma in na tsaya yi masa salla ba wanda zai tsaya a bayana. Ana cewa ya mutu yana bauta wa wani abu a ɗakin nan. Mene ne a ciki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, amana ce. Kayan aikin asibiti ne. Ka shigo in nuna maka."

"A wannan jan hasken?"

"A shi kaɗai ake buɗewa. Rana tana kashe shi."

Wani daga baya ya ce to ai ka ji da bakinta. Liman ya ɗaga masa hannu. Na roƙa a bar ni in kai akwatin wani firiza a rufe, su shiga su yi aikinsu. Ya ce ba wanda zai karɓa, kuma ko an karɓa, abin da aka fitar a ɓoye zai bi Malam har kabari, a riƙa nuna wurin da yatsa. Na ce to in buɗe kwalba ɗaya. Ya girgiza kai, ya ce wadda na bari a naɗe ita za a ce ita ce. Ba da faɗa yake magana ba, idonsa ma ya kawo ruwa. Na ari waya aka buga wa Dokta, tana ta ƙara ba a ɗauka, can wajensu gari bai waye ba. Rana tana hawa, ana zafi, gawa ba ta jira.

Na koma ɗaki. Malam yana kwance a lulluɓe, firiza yana gurnani a gefensa. Na tsaya tsakaninsu. Na san da zai iya ɗaga yatsa, na san inda zai nuna. Na ce masa, Malam, ka yi haƙuri, ba zan bari a jefa ka rami kamar mushe ba. Na buɗe firiza na ɗauko akwatin.

A tsakiyar tsakar gida na shimfiɗa faranti, inda ba inuwa. Mutane suka ja baya har bango, wasu suna leƙe ta saman katanga. Na fara warware naɗin ɗaya bayan ɗaya, naɗin da ni na yi da hannuna, ina jera kwalaben a rana. Kowace da ɗigon ƙanƙara a gindinta, bai kai ƙwayar gero uku ba. Ba wanda ya yi tari. Muna kallo ƙanƙarar ta narke ta zama ruwa. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba wari. Tsakar gida cike da mutane, ni kaɗai na san ana mutuwa a farantin nan, kowane ɗigo yana damƙar banza. Na bar su har robar ta yi ɗumi, don kada a ce na yi sauri.

Liman ya matso ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta sama, ya sunsuna. Ya ce, "Wannan ne Baƙon?" Na ce shi ne. Ya juya ya nuna wa jama'a. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Aka fito da bahon kwaɗi, na kama ɗaya na nuna ɗinkin, na faɗi yadda ake ciro ƙwai da dalilin mayar da ciki. Wani tsohon tela ya sa tabarau ya duba, ya ce wanda zai yi sammu ba ya ɓata lokaci ya yi ɗinki biyu don kwaɗo ya warke. Liman ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce a ɗora ruwan wanka.

Dokta ta dawo ina cikin takaba. Ta zauna a tabarma, na gaya mata komai, na miƙa mata akwatin. Ta tambaye ni ko an yi masa salla, na ce sahu har bakin titi. Ta riƙe hannuna ta yi kuka, ba ta ce uffan a kan kwalaben ba, a ranar ko bayanta. Ɗakin binciken bai sake tashi ba. Da aka buɗe makaranta ta tattara ta koma waje, ni kuma aka mayar da ni wankin wani sashe har ƙarfina ya ƙare.

Amma ba a nan nake so ki tsaya ba, Rukayya. Koma ranar. Da maza suka shiga, abin da suka fara yi shi ne fizge baƙin ƙyallen daga taga, na ji ƙusoshin suna faɗuwa a siminti. Suka yi masa wanka, suka sa shi a likkafani, suka bar fuska, aka ce matarsa ta zo ta yafe masa. Iya Risi ce ta kama ni ta kai ni. Rana ta cika ɗakin har ban gane shi ba. Na durƙusa na dube shi, karo na farko a farin haske tun da ya kwanta.

Rawaya ne. Goshinsa, gefen hancinsa, leɓɓansa, duk kamar an shafa masa kurkur. Mai wankan ya ce farin idonsa ma haka yake, da tafin hannu. Jan ƙwai ba ya nuna rawaya. Makonni ina shafa fuskar nan da hannuna, ina kallonta safe da yamma, ban gani ba.

Iya Risi ta sunkuya ta duba, ta dafe ƙirji. A hankali ta ce, "Shawara ce. Asabe, shawara ce fa. Da na gan shi sau ɗaya, da na sa an ɗauke shi zuwa asibiti ko yana so ko ba ya so."

Liman yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce lokaci yana tafiya, in faɗa. Na ce na yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe mini. Suka rufe fuskar, suka ɗauke shi.